Shinkafar rani bana: in shiga ko in haƙura?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara na zo nema, don yau kwana uku ina buga lissafi a bayan littafin makarantar yarona, lissafin ya ƙi fita. Ina noman shinkafa a yankin Kura, hekta ɗaya da ɗan ɗoriya, rabi gadon mahaifinmu, rabi haya. Gonar tana can ƙarshen kanal, inda ruwan Tiga ke iso mana a gajiye. Wani makon ma ba ya isowa, sai na tayar da inji na jawo daga magudana.

Ranin da ya wuce irin shinkafar da ake kira Sipi na dasa, na samu buhu 54 na shanshera. Wanda ya ji zai ce barka da arziki. To ga yadda suka tafi, kuma da buhu zan ƙirga, tunda naira ta daina tsayawa wuri ɗaya balle a auna abu da ita. Taki ya ci 15. 'Yan ƙwadago, tun daga gyaran fili da dashe da cira har yanka da bugu, sun ci 13. Fetur 7, mai gona 6, iri da maganin feshi da buhuna da dako 5, zakka 3. Abin da ya shigo gidana buhu 5 ne, bayan wata huɗu ina kwana da sauro ina tashi da jan baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar sayarwa ce. Dillali ya zura hannu a buhu ya ɗebo, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna, ya tofar, ya ce wai da sauran laima. Shinkafar da ta kwana uku a kan tamfol cikin ranar bazara! Ya faɗi farashinsa ya juya yana danna waya, don ya san mai taki na jirana a ƙofar gida. Na sayar.

Yanzu lokacin zuba iri ya matso, mai gona yana tambaya ko zan sabunta haya. Masu noma da masu saye, me kuka gani?

Sabon Shiga:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai kuma ga ka a Kurar, abin ya zo daidai.

Ɗan Fadama:
Yi dariyarka ƙanena, ranar da ka fara sayen taki za mu haɗu.

Ɗan Argungu:
Ɗan'uwa, kukanka shi ne kukanmu nan Kabi. Ni ban ga laifin dillali ba, shi ma abin da kasuwa ta ba shi ya ba ka. Laifin na wanda ya buɗe ƙofa ne. Tun da anka ce a watan Yulin 2024 an ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama na kwana 150, daga nan shanshera ta fara sauka, ba ta sake ɗagowa yadda ya kamata ba. Taki bai sauka ba, fetur bai sauka ba, ƙwadago bai sauka ba, sai abin da munka noma kaɗai.

Ku tuna yadda munka ga Kabi bayan da Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor. Fadamar Argungu da Suru da Jega har Yauri, ko'ina ƙarar inji ce dare da rana. Yaran da ke tafiya Legas kabu-kabu sunka dawo gida. Anka yi Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwa tsakanin Legas da Kebbi, a 2016, manyan injinan gyaran shinkafa sunka tashi. Na san mutanen da sunka yi aikin Hajji da kuɗin shanshera, wasu sunka ƙara aure. Wagga shekara fa? Je ka fadama ka gani, mutum na da fili na da inji, ya ɗaure shi a ɗaki. A rufe iyaka a bar mu mu ciyar da ƙasar nan, shi ke nan magana.

Maman Khalifa:
Malam na Argungu, Allah ya huci zuciyarka, amma bari mu ma masu tukunya mu ce wani abu. Ni malamar firamare ce a Kaduna, yara biyar, maigida ya yi ritaya. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a shekarar. Ma'aikaci ya yi wata cur yana aiki, albashinsa bai sayi buhu ɗaya ba. Ni da nake sayen buhu na koma rabi, daga rabi na koma mudu, daga mudu na koma gwangwani. Akwai Juma'ar da ƙaramar 'yata ta leƙa tukunya ta ce, Mama yau ma ba shinkafa? Na shiga ɗaki na zauna.

Lokacin da kuke zuwa Hajji da kuɗin shanshera, mu ne muke biya. Ban ce haram kuka ci ba, guminku ne. Amma yanzu da ta ɗan sauko muka fara numfashi, sai ku ce a sake rufewa? Kuma ku gaya mini gaskiya, wanda ya noma shinkafa shi kaɗai ne ɗan ƙasa?

Ɗan Argungu:
Hajiya, ba mu ce ki kwana da yunwa ba. Amma in munka bar noma bana, baɗi me za ki saya? Ranar da dala ta sake tashi 'yar wajen ma sai ta gagare ki, kuma ki waiwayo ki tarar babu 'yar gida.

Akawun Abuja:
Ku bari in shiga tsakani, ko da yake na san duka ɓangarorin za su jefe ni.

Kariya dai an ba manomin shinkafa ita, babu ƙarya. A Yunin 2015 Babban Banki ya sa shinkafa cikin kaya 41 da ya hana wa dala a farashin gwamnati. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai Disamban 2020 aka buɗe. Shirin Anchor ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto. Tambayata ɗaya ce: bayan wannan duka, kuɗin da ake kashewa kafin a samar da buhu ɗaya ya ragu? Bai ragu ba. Fili aka ƙara, ba yabanya ba. Har yau in aka haɗa na tudu da na fadama da na rani, hektar shinkafa a Najeriya tan 2 take bayarwa ko da ɗan ɗoriya. Ta Biyetnam kusan tan 6, ta Masar kusan 9. Shi ya sa shinkafa za ta taso daga Indiya ko Tailan, ta yi makonni a teku, ta sauka a Kwatano, ta hau babur ta ratsa daji, kowane shinge a ajiye wani abu, kuma ta iso Kano tana gogayya da ta Kura.

Maganar iyaka kuwa, mutanen Benin ba su cika cin turararriyar shinkafa ba, amma jirage suna ta sauke ta a tasharsu. Wa ake kawo wa? Ko lokacin da aka rufe ɗin ba ta daina shigowa ba, tsada kawai ta ƙara.

Sannan faɗuwar farashin nan ba daga Abuja kaɗai take ba. Indiya ce ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta a duniya. A 2023 ta hana fitar da fara, ta ɗora haraji a kan turararriya, farashi ya tashi ko'ina. Zuwa ƙarshen 2024 ta saki, rumbunanta cike, farashin duniya ya rikito. Guguwar da ta kayar da buhun Ɗan Fadama daga can ta taso.

Bashin Anchor kuma, mu faɗi gaskiya, da yawa ba su biya ba. Wasu ambaliya ce ta cinye su, wasu kuwa manoman biro ne da ba su taɓa taka taɓo ba. Kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Ga shi an rufe famfon, na kirki ma ya rasa.

Ɗan Argungu:
Kai da ke cikin ofis mai sanyi kake gaya muna tan nawa hekta ke bayarwa. Manomin Indiya nawa yake sayen yuriya? Gwamnatinsa ke biya masa mafi yawan kuɗin, ta ba shi lantarkin ban ruwa da rahusa, ta kuma tsayar da farashin da za ta saya in kasuwa ta faɗi. Ni an cire mini tallafin mai a 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu a 2024. A ɗaure mini ƙafa a ce in yi tsere da mai doki?

Akawun Abuja:
Wannan kam ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma ka ga ka dawo kan maganata. A sauke maka taki da mai ya fi a ɗora wa Maman Khalifa tsada. Ofishin ma ba sanyi, tun safe ba wuta.

Shugaban Zaure:
Jama'a a riƙa tausasa harshe. An goge saƙo biyu da suka koma zagin jam'iyya. Shinkafa muke tattaunawa.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ni na girme ku duka a nan, bari in ba ku labari. Muna yara shinkafa abincin Sallah ce da biki da baƙo na musamman. Ranar da aka dafa ta a gida sai maƙwabta sun sani. Tuwon dawa da na gero su ne abinci. A fadamun Sakkwato akwai jar shinkafarmu ta gado, wadda in ruwa ya ƙaru ita ma sai ta ƙara tsawo ta bi shi, har a shiga kwalekwale a yanke ta. Masana sun ce irin nan a Afirka ta Yamma aka fara noma shi, can wajen Mali, shekaru dubbai da suka wuce. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 su suka canja mana harshe. Jirage suka yi ta sauke fara tas mai dogon jiki, matan birni suka ga ba tsinta ba wahala. A idona aka yi dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, aka yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, Shagari ya zo da nasa shirin noman, kuma a zamaninsa ne aka kafa kwamitin shigo da shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko. Ina jin tun wancan lokacin sunan 'yar gwamnati ya bi ta waje. Babangida ya haramta shigo da ita a 1985, aka ɗage a 1995. A rufe, a buɗe, a rufe, a buɗe. Wannan da kuke gani ba shi ne na farko ba, ni na ga huɗu ko biyar.

Abin da ke kashe manomi ba rufewar ba ce, ba buɗewar ba ce, rashin sanin gobe ne. Ka ci bashi ka sayi inji bisa dokar bana, kafin ka gama biya an sake doka.

Hajiya Mai Gumi:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni ba zan shiga maganar iyaka ba, ban san ta ba. Gumi na sani, shekara goma sha tara ina yin sa, kuma da Ɗan Fadama zan yi magana.

Ɗana, kuskurenka ba a gona yake ba, a ranar sayarwa yake. Duk wanda ya sayar da shanshera a makon girbi ya yi wa wani noma. Lokacin kowa ya fito da tasa, dillali ne sarki. Na san mai taki na jiranka, to sayar da abin da zai sallame shi, sauran ka riƙe ko wata biyu ne, ko ka kawo a guma a cashe ka sayar da tsaba. Buhu mai kilo 100 in shanshera ce mai kyau tana ba da tsaba sittin da wani abu, ga ɓuntu muna hura wuta da shi, ga dusa masu kiwo na saye.

Amma ku ma manoma kuna ba mu wahala. Mutum zai kawo buhu ɗaya, in ka baza a tafin hannu ka ga iri uku: doguwa, gajera, ga ja a tsakani. Kowace da lokacin da take jiƙa, kowace da lokacin da take nuna a tururi. In na bi doguwar gajerar ta dafe, in na bi gajerar doguwar ta kakkarye a inji. Sai tsakuwa. Shinkafa ba ta fitowa da tsakuwa daga Allah, ku ne kuke bugu a ƙasa ba shimfiɗa, wasu kuma su shanya a bakin titi mota na watsa mata ƙasa.

Yadda nake yi, sai na wanke ta sau uku na kwashe fankon da ya taso sama. In jiƙa ta a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, ta kwana. Da asuba in tsane, in ɗora a tukunya mai rariya a ciki don tururi kaɗai ya taɓa ta, in rufe da buhu. Da na ga bakin ƙwayar ya fara tsagewa na sauke. In baza a tamfol ana juyawa, kafin ta bushe ƙarau in mayar da ita inuwa ta ƙarasa a hankali. Wadda aka bari rana ta gasa ta ita ce ke fitowa gutsi-gutsi. Kuma wadda ta yi kwana biyu a ruwan sanyi ita ce mai warin nan da matan birni ke gudu.

Abin haushi, in ta fito tas ɗin ma, wasu 'yan kasuwa su saya su juye a buhun 'yar waje su ɗinke. Na taɓa ganin aikin hannuna a buhu mai rubutun Tailan, na gane ta kamar yadda uwa ke gane ɗanta.

Maman Khalifa:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Haƙorin maigidana ɗaya tsakuwar 'yar Hausa ce ta fasa shi, tun ranar ya ce kar ya sake ganinta a gidansa. Ashe ma wataƙila wadda nake saya da sunan 'yar waje taki ce.

Hajiya Mai Gumi:
Ba mamaki 'yar'uwa. Yanzu akwai injin cire tsakuwa a wurare da yawa, kuɗi kaɗan ake ƙarawa a buhu. Masu ƙin biyan wannan kaɗan ɗin su suka ɓata mana suna.

Malamin Gona:
Na jira Hajiya ta gama ne don rabin abin da zan faɗa ta riga ni. Ɗan Fadama, buhu 54 a hekta da ɗoriya ba laifi, amma gonar rani mai ruwa tana iya fin haka. Tambayoyi uku: irin nan shekara nawa kana maimaita shi? Kwana nawa yake yi a wurin reno kafin ka dasa? Yaya kake zuba yuriya?

Ɗan Fadama:
Irin tun shekara biyar daga gonata nake ɗiba. Dashe kuwa sai na samu masu yi, wani lokacin ya kai kwana talatin da biyar ko arba'in. Yuriya sau ɗaya nake watsa ta, in ruwa ya cika fangali.

Malamin Gona:
To ka ga inda buhunanka suka zube tun kafin dillali ya gan su.

Sipi ɗin nan ita ce FARO 44 a takarda, asalinta daga Taiwan, kuma iri ne mai kyau, shi ya sa masu injina ke son ta. Amma shekara biyar kana ɗiba daga masussuka, ta gauraye da na maƙwabta da jar da ke tsirowa da kanta. Abin da Hajiya ke gani a tafin hannunta ke nan. Ka sabunta daga wurin masu ingantaccen iri, ko ka ware ɗan fangali guda ka riƙa tuge duk wadda ta fita daban kafin ta nuna.

Dashe kuma tsakanin kwana 14 zuwa 21 ake so. Shukar da ta kwana arba'in a reno ta tsufa, ba za ta yi 'ya'ya da yawa a gindi ba. A dasa biyu ko uku a rami, tazarar santimita 20, a layi. Na san masu dashe ba sa son igiya don tana rage musu sauri, amma ranar cira za ka gode. In sanyin hunturu ya yi tsanani iri yana daɗewa bai tashi ba, in kuma ka makara ta zo fidda kai cikin tsananin zafi sai fanko ya yi yawa. Wannan lissafin ya fi na dillali muhimmanci.

Yuriya da ka watsa gaba ɗaya a ruwa mai zurfi, kaso mai yawa iska da ruwa ne suka sha. Raba ta biyu ko uku: bayan dashe ya kama, sai lokacin da take 'ya'ya, sai in ta fara ciki. Ka rage ruwan kafin ka zuba, ka toshe mafita.

Sai fetur. Shinkafa tana jure ruwa ne, ba dole sai ta kwana a cikinsa kullum ba. Samu bututun roba mai faɗi, tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a fangali ka kwashe ƙasar cikinsa. In ruwan saman ya ƙafe kar ka yi saurin tayar da inji, leƙa bututun. Sai ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka sake ba ta. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ce ta yaɗa dabarar, kuma tana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100. Sharaɗi ɗaya: daga ta fara fidda kai har fure ya gama, kar ka bar ta ta ji ƙishi ko na yini.

Na Argungu kuma, ku da ambaliya ta yi wa ɓarna a 2020 da 2022, akwai irin FARO 66 da 67 da aka fitar a 2017, suna jure nutsewa kusan mako biyu. Na damina ke nan.

Sabon Shiga:
Malam duk wannan wahalar, ba gara a sa sola a huta ba?

Malamin Gona:
Sola na da kyau ga mai kuɗin sayenta a dunƙule, kuma masu ita sun huta da fetur. Amma mutumin da ya tashi da buhu 5 kake gaya wa. Sai dai su haɗu su huɗu ko biyar masu maƙwabtaka. Sannan a tanadi mai kwana a gona, don faranti ba ya kwana shi kaɗai.

Almajirin Malam:
Afuwan, wani abu na gani a lissafin. Buhu 3 cikin 54, wato kusan ɗaya bisa ashirin ya fitar. Ba ɗaya bisa goma ba ne?

Liman na Unguwa:
Abin da ruwan sama ko kogi ya shayar ba tare da wahala ba, ɗaya bisa goma ne. Wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar jawowa da inji, rabin haka ne. Shi nasa ya haɗa kanal da inji, a nan malamai kan duba wanne ya fi rinjaye. Ɗan Fadama ka samu malamin garinku ka zayyana masa yadda ka yi ban ruwan, kar mu yanke maka daga waya.

Ɗan Fadama:
Allah ya gafarta Malam, haka aka yi. Inji ne ya fi yawa bara, shi ya sa.

Na Gaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Nijar. Mu nan bakin Kwara, daga Tillaberi har Gaya, akwai filayen da hukumar ban ruwa ta ONAHA ta gyara, manoma na cikin koperatif, wato ƙungiyar haɗin gwiwa, ana noma sau biyu a shekara. Fili kaɗan ne ga kowa, wani bai kai rabin hekta ba. Bayan girbi kowa ya biya kuɗin ruwa, in ka ƙi biya ana iya karɓe filin. Amfanin abin shi ne ranar zuba iri ɗaya ce, ranar dashe kusan ɗaya, to jan baki in ya zo ya rarrabu a kan kowa, ba ya taruwa a gonar mutum guda. Matsalar kuma, in shugabannin koperatif sunka ci kuɗin, famfo ya lalace, kowa ya shiga uku tare.

Duk da haka shinkafar da muke nomawa ba ta isar mu, ta waje ce ta cika kasuwa. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. Mai saye ya ji daɗi, manomin da ya saba kai kaya Kamba ta Najeriya ya yi kuka. Kun ga rigimar Maman Khalifa da na Argungu muna da irinta, sai dai da sefa muke yin ta.

Bawan Allah Mafara:
Ina karanta ku ina cewa ina ma matsalata taki ce. Mu a yankin Bakolori ga dam ga ƙasa, amma akwai gonakin da sai an biya mutanen daji kafin a shuka, a sake biya kafin a yanka. Wannan ba ya cikin lissafin Akawu. Kuma kar a manta manoman shinkafar Zabarmari a Borno da aka yi wa yankan rago a gona a Nuwamban 2020, mutum 43 aka yi wa sallah rana ɗaya. Ɗan Fadama, in kana iya zuwa gonarka da asuba ka dawo da magariba ba ka waiwaya ba, ka riƙe ta.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya jiƙansu da rahama, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Maman Khalifa:
Amin ya Allah. Jikina ya yi sanyi.

Ɗan Fadama:
Amin. Na gode ƙwarai jama'a, na karanta komai, wasu sau biyu. Ga abin da na tsayar. Hayar zan mayar wa mai ita, don buhu 6 ɗin nan ko an samu ko ba a samu ba sai ya karɓa. Zan tsaya a rabin hektarmu ta gado in yi mata aiki yadda Malamin Gona ya ce, in gani da idona. Bututun ma akwai guntun da ya rage lokacin da aka yi mana gyaran banɗaki. Masu dashe zan kama su tun yanzu in ba su kafin alƙalami, kar iri ya tsufa ina bin su gida-gida. Taki kuwa ba zan ci bashinsa ba bana, akuya biyu zan sayar, uwargida ta yarda da sharaɗin in mayar mata da uku.

Na Argungu, ban ce ka yi kuskure ba, har yanzu raina yana tare da kai a maganar iyaka. Amma ba ni da ikon rufe ta, fangalina kaɗai nake iya toshewa.

Hajiya, in Allah ya kai mu girbi zan kawo miki buhu goma.

Ɗan Argungu:
Ni dai injina na ɗaki har in ga farashin taki. In ka gwada bututun ka turo hoto, in ya yi zan kwance shi.

Hajiya Mai Gumi:
Allah ya kai mu ɗana. Iri ɗaya, bugu a kan tamfol. In na baza na ga ja a ciki, da kai da buhunanka za ku koma.

Maman Khalifa:
Hajiya a ajiye mini buhu ɗaya a cikin goman, in an saka a motar Kaduna zan biya kuɗin dako. Amma a zuba mini a buhun da ba rubutu, sai maigida ya ci ya yaba sannan in gaya masa daga ina take.